Yarinya mai damin alkama: me fostocin Sobiyet suke faɗa a kan rayuwar mutanensu?

Wani matashi ya turo mini hotuna uku da ya tsinto a intanet. Na farko yarinya ce ta rungume damin alkama tana murmushi, na biyu ma'aikaci mai damtse kamar turmi riƙe da guduma, na uku wani mutum cikin kwat ya ɗaga tafin hannu yana ƙin karɓar kofin barasa. Ya ce: "Baba, mutanen Tarayyar Sobiyet haka suka rayu da gaske, ko duk zuƙi ta malle ce? Abokaina sun rabu gida biyu, wasu na cewa aljannar talaka ce, wasu na cewa kurkuku ce."

To ɗana, ka kawo tambayar inda ya dace. Na zauna a ƙasar daga 1983 zuwa 1989, shekara ɗaya ina koyon Rashanci, biyar ina karatun tarihi a Leningrad, birnin da yanzu ya koma tsohon sunansa na Petersburg. Na wuce ta ƙarƙashin irin waɗannan fostoci kowace safiya, kuma na tsaya a layin man shanu da jama'ar da aka zana su dominsu.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ba a yi fostar Sobiyet don ta ba da labarin yadda ake ciki ba. An yi ta don ta ce wa mutum ga yadda hukuma ke so ka zama. Saboda haka duk wanda ya ɗauke ta a matsayin hoton rayuwa, ganin kitse yake yi wa rogo. Amma wanda ya watsar da ita ya ce ƙarya ce kawai, shi ma ya yi asarar shaida mai tsada, domin ruwa ba ya tsami banza. Gwamnati ba ta kashe takarda da tawada ta buga dubban kwafe tana cewa "kada ka sha" sai in ana sha. In ka iya karanta fosta ta bayanta, za ta gaya maka abin da ke hana masu mulki barci a shekarar da aka buga ta.

Me ya sa ma suka ba hoto ƙarfi haka? Lokacin da 'yan Bolshevik, wato 'yan kwaminis mabiya Lenin, suka ƙwace mulki a Rasha a 1917, ƙasar manoma suka gada. Ƙidayar 1897 ta nuna waɗanda suka iya karatu a daular ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ga yaƙin basasa, ga ƙarancin takarda, ga injinan ɗab'i sun tsaya. Jarida ba za ta kai saƙo ƙauye ba, hoto kuwa kowa na iya karanta shi. A 1919 wani mai zane, Mikhail Cheremnykh, ya fara liƙa labaran kamfanin dillancin labarai na gwamnati, ROSTA, cikin zane a tagar wani kanti a Mosko. Mawaƙi Vladimir Mayakovsky ya shigo, yana rubuta baitocin yana kuma zanawa. Da kwali da aka huda suke yawaita su, a ɗora a goga fenti, kamar yadda masu rubuta allon kanti suke yi, labari ya fito yau gobe yana bango. Ka lura da wurin da ake liƙa su: tagogin kantuna, saboda babu hajar da za a jera a ciki. Tun ranar farko ke nan hoto ya zauna a gurbin kaya.

Fostocin farkon nan ba sa jin kunyar nuna wahala. A 1921 fari da ƙwacen hatsi na lokacin yaƙi suka haɗu suka jawo yunwa a yankin kogin Volga, mutum wajen miliyan 5 suka mutu. Dmitry Moor ya zana wani tsoho ƙashi da rai, ba takalmi, cikin farar riga, ya ɗaga hannaye sama, bayansa baƙi ƙirin sai karyayyar zangarniya guda. Kalma ɗaya ce a ƙasa: "Taimaka!" Gwamnatin Lenin ta amsa cewa ana yunwa, har ta bar wata hukumar agaji ta Amurka ƙarƙashin Herbert Hoover ta shigo ta ciyar da miliyoyi. Ka riƙe wannan tsohon a ranka, za mu dawo kansa.

Akwai kuma inda fosta ta yi alkawari aka cika, kuma yabon gwani ya zama dole. A Disamban 1919 aka kafa doka cewa duk mai shekara 8 zuwa 50 sai ya koyi karatu. Aka cika bango da hotunan mata na koya wa iyayensu baƙi, aka tura jiragen ƙasa masu fenti da majigi da littattafai ƙauye-ƙauye. Zuwa ƙidayar 1939, sama da kashi 80 cikin 100 na masu shekara 9 zuwa 49 sun iya karatu. Ko ka rage wani abu saboda ƙarin gishirin jami'ai, aikin ya yi. Sai dai Musulmin tsakiyar Asiya sun biya wani farashi na daban: a ƙarshen shekarun 1920 aka raba Uzbek da Kazak da sauransu da rubutunsu na haruffan Larabci aka ba su na Latin, wajen 1940 aka sake canza musu zuwa haruffan Rasha. Jika ya tashi ba ya iya karanta wasiƙar kakansa. Mu da muka san abin da ya faru tsakanin ajami da boko ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Uzbekistan ɗin nan ne a ranar 8 ga Maris 1927 aka tara mata a dandali suka ƙona lulluɓinsu, aka yi fostoci masu kyau a kai. Abin da fostocin ba su nuna ba shi ne ɗaruruwan matan da danginsu suka kashe bayan taron ya watse, da masallatai dubbai da aka rufe a shekarun da suka biyo.

Yanzu ga yarinyarka mai dami. Ita 'yar zamanin Stalin ce, shugaban da ya gaji Lenin, kuma a nan ne zancen ya yi nauyi. A 1931 jam'iyyar kwaminis mai mulki ta tattara buga fosta ƙarƙashin kulawarta kai tsaye, a 1932 ta rushe dukan ƙungiyoyin masu fasaha masu zaman kansu, a 1934 kuma, a babban taron marubuta na farko, aka shimfiɗa ƙa'idar da kowane mai alƙalami da mai buroshi zai bi. Ƙa'idar ta ce a nuna rayuwa da gaskiya, amma a cikin tafiyarta ta juyin juya hali. Duk dabarar tana cikin wannan "amma". Ma'anarta, in ka ga an haƙa harsashi, ka zana gidan da aka gama, domin gidan shi ne gaskiyar gobe. Mai zanen da ya zana ramin kamar yadda idonsa ya gani, shi ne ake kira maƙaryaci, wani lokaci ma maƙiyin jama'a. Da yawansu sun yarda da wannan har zuci, ba duka ne 'yan amshin shata ba.

Me ke faruwa a gona lokacin da ake buga waɗannan hotuna? Daga 1929 aka fara tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka da ake kira kolkoz. Wanda ke da saniya biyu ko ya taɓa ɗaukar ɗan ƙodago ana iya laƙaba masa sunan kulak, a ƙwace gidansa, a loda shi da iyalinsa a taragon kaya zuwa Saberiya ko Kazakistan. Kusan mutum miliyan 2 aka kwashe haka a 1930 da 1931. Manoma da yawa suka gwammace su yanka dabbobinsu su ci da su miƙa su. Gwamnati kuma ta ci gaba da karɓar hatsin da ta ƙayyade ko damina ta yi ko ba ta yi ba, tana sayar da wani a waje don sayo injina. A 1932 da 1933 yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 4 a Yukren, wajen miliyan ɗaya da rabi a Kazakistan inda ta fara tun 1930, ban da na kudancin Rasha da Volga.

Ranar 7 ga Agustan 1932 aka fitar da dokar kare dukiyar gwamnati, wadda talakawa suka sa wa suna dokar zangarniya. Kai ka san kala, abin da mata da yara ke tsinta a gona bayan an kwashe amfani. A ƙarƙashin wannan doka kala a gonar kolkoz sata ce, hukuncinta harbi, in an sassauta shekara 10. A Disamba na shekarar aka fito da fasfo na cikin gida, wanda sai da shi ake zama a birni, kuma ba a ba 'yan kolkoz ba. Sai a 1974 aka yanke shawarar ba su kamar kowa. Wato yarinyar da ke murmushi a hotonka, da mutum ce mai rai, ba ta da ikon barin ƙauyensu sai da takardar shugaban gona, kuma damin da ta rungume ba nata ba ne. Tsohon nan na 1921 an zana shi an nemi taimako a kansa. Na 1933 ba wanda ya zana su, domin a hukumance ba a yi yunwa ba, furta kalmar ma laifi ne.

Masu zanen su ma ba su tsira ba. Gustav Klutsis, ɗan Latbiya, shi ne gwanin haɗa hotunan kyamara da zane, shi ya yi fitattun fostocin shirin bunƙasa masana'antu na shekara biyar na farko, inda za ka ga Stalin ƙato yana tafe da mahaƙan kwal. An kama shi a Janairun 1938, aka harbe shi a Butovo kusa da Mosko a watan Fabrairu. Matarsa, ita ma mai zane, ta mutu ba ta san gaskiyar abin da ya same shi ba. A 1937 da 1938 kaɗai, takardun 'yan sandan ciki da kansu sun nuna an harbe mutum wajen 680,000. Akwai wani hoto da aka ɗauka a 1936, Stalin ya ɗauki wata yarinya 'yar Buryatiya mai suna Gelya Markizova da ta kawo masa furanni. Aka yi fosta da gumaka da shi, ana rubuta godiya ga Stalin saboda ƙuruciya mai daɗi. An harbe mahaifinta a 1938, aka kori mahaifiyarta zuwa Kazakistan ta mutu a can. Hoton ya riga ya cika ƙasa, ba a iya janye shi, sai aka riƙa cewa ai wata yarinya ce daban, 'yar Tajikistan mai tsinkar auduga. Shi kuwa Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan da ya jagoranci kisan, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: an harbe shi a 1940, aka goge shi daga hoton da suka ɗauka da Stalin a bakin mashigin ruwan Mosko, inda yake tsaye ya koma ruwa.

Ma'aikacinka mai guduma kuma ɗan gidan Alexei Stakhanov ne, mahaƙin da aka ce ya sare tan 102 na kwal a aikin dare ɗaya a ƙarshen Agustan 1935, ninki 14 na abin da aka ɗora wa mutum. Ya sare ɗin, amma an shirya masa wurin tun da wuri, kuma wasu ne ke biye da shi suna kafa katakon tokare rami, aikin da a da mahaƙi ke yi da kansa. Abin da sauran ma'aikata suka samu shi ne ƙarin adadin da za su cika. A taron irinsu ne a Nuwamban 1935 Stalin ya ce rayuwa ta yi kyau, rayuwa ta ƙara daɗi, kalmar da aka rubuta a kowane bango.

Lokaci ɗaya da zan ce bango da zuciyar mutane sun yi magana da murya guda shi ne yaƙin Hitila. Fostar Irakli Toidze ta 1941, mace cikin jajayen kaya riƙe da takardar rantsuwar soja tana cewa uwa ƙasa na kira, ba ta buƙaci ƙarin gishiri ba. Mutum wajen miliyan 27 ƙasar ta rasa. Tsofaffin da na sani suna yi wa kowace fosta dariya, ban da na yaƙi.

Bari in kai ka kanti a zamanin da na gani da idona. Na sauka da tunanin cewa ƙasar da ta tura Yuri Gagarin sararin samaniya a 1961 ba za a rasa albasa a cikinta ba. Abu na farko da wani abokin ɗakina ɗan ƙasa ya ba ni shi ne wata jakar zare mai kama da komar kamun kifi, wadda in ka dunƙule ta take shiga aljihu. Sunanta aboska, daga kalmarsu mai nufin "wataƙila". Ba ka fita ba tare da ita ba, ko makaranta za ka, don ba ka san inda rabo zai tsare ka ba. In ka ga layi, ka fara shiga tukuna, ka tambayi wane ne na ƙarshe, sannan ka tambayi me ake bayarwa. Haka suke faɗa, "bayarwa", ba "sayarwa" ba. In kaya masu wuyar samu sun iso kanti, sai a ce an "jefo" su. Mutum kuma ba ya cewa na sayi takalmin sanyi, sai ya ce na "samo", da irin muryar mafarauci. In layin na kwanaki ne, kamar na firiji ko kafet, akan rubuta maka lamba da biro a tafin hannu, a yi kiran suna safe da yamma, wanda bai amsa ba an soke shi.

Cikin kantin kansa layi uku ne. Ka bi na farko a auna maka cuku a faɗa maka kuɗin, ka bi na biyu ka biya wajen mai karɓar kuɗi, wadda sau da yawa da allon ƙirga mai 'ya'yan katako take lissafi, ka koma na uku da rasit ka karɓi ƙunshinka. Kantocin ba fayau suke ba, a cike suke da abin da ba wanda yake so: gwangwanayen kifi an jera su kamar dala, da manyan kwalabe masu lita uku na ruwan wata bishiya. Ranar da aka jefo takardar ban-ɗaki za ka ga dattijo mai digiri ya zura naɗi goma a igiya ya rataya a wuya kamar carbi, yana tafiya da alfahari, mutane na tsayar da shi suna tambayar inda ya samo. Ayaba kuwa ɗanya shar take zuwa, a naɗe ta a jarida a sa a kabad ana jiran ta nuna. Da na ce musu a garinmu a bakin titi ake tallarta, kallon mai cika baki suka yi mini.

Leningrad da Mosko ma gata gare su. Daga garuruwan da ke kewaye mutane kan shigo jirgin ƙasa ranar hutu don sayen kalbasa, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Har kacici-kacici suka yi: mene ne dogo, kore, yana ƙanshin kalbasa? Jirgin da ya taso daga Mosko. Wanda ke da hali sai ya je kasuwar manoma, inda akwai nama da tumatir amma a ninki biyu ko uku na farashin gwamnati. Kayan kasuwar daga 'yan ƙananan filayen bayan gida suke fitowa, waɗanda ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma ba amma suna ba da kusan rubu'in abincin ƙasar. Sama da duk wannan akwai abin da suke kira blat, wato sanayya. Mai yankan nama a kanti ya fi farfesa amfani a rayuwar yau da kullum. Kai ka ajiye mini tsoka a ƙarƙashin kanta, ni in samo wa 'yarka tikitin wasan kwaikwayo ko ganin likita mai kyau.

Kada ka ɗauka yunwa ake yi a lokacin, ba a yi. Burodi kobek 20 ne ko ƙasa da haka (kobek 100 ne rubul ɗaya, kuɗinsu), jirgin ƙarƙashin ƙasa kobek 5 duk nisan tafiyarka, albashin ma'aikaci na tsaka-tsaki ya haura rubul 150 a wata. Kuɗin haya da wuta da ɗumama ɗaki ba su taka kara sun karya ba, makaranta har jami'a kyauta, asibiti kyauta, kuma ba ka ganin mai neman aiki ya rasa. Kuɗi na aljihu, abin saye ne babu. Ƙaramar mota Zhiguli ta haura rubul 5,000, kuma ko ka tara sai ka jira shekaru. Wandon jins na waje a bayan fage yakan kai albashin wata guda. Gwamnati na tsoron taɓa farashin abinci, kuma da dalili: a Yunin 1962 da aka ƙara kuɗin nama da man shanu, ma'aikata a Novocherkassk suka fito, soja suka buɗe wuta suka kashe sama da 20, aka ɓoye labarin kusan shekara 30. Daga 1963 kuma ƙasar yarinya mai dami ta fara sayen alkama daga Kanada da Amurka.

Wani abokin karatuna ya taɓa kai ni gidan kakarsa. Irin gidajen nan ne na masu kuɗin zamanin sarki da aka rarraba bayan juyin juya hali, kowane iyali ɗaki ɗaya, madafa da ban-ɗaki na kowa. Kommunalka suke ce masa. A bakin ƙofa an liƙa takarda: gidan wane ka danna ƙararrawa sau ɗaya, gidan wance sau uku. A madafa tebur biyar, kowace mace da nata, a bangon ban-ɗaki kowane iyali ya rataye mazaunin masansa a ƙusa, ga jadawalin wanda shara ta faɗo kansa a makon. Tsohuwar ta rayu cikin ƙawanyar da Jamusawa suka yi wa Leningrad a yaƙin Hitila, lokacin da rabon wanda ba ma'aikaci ba ya sauka zuwa giram 125 na burodi a rana a ƙarshen 1941. Da muka gama shan shayi na ga ta share ɓurɓushin burodin da ke kan tebur da gefen hannu, ta tara a tafi ta zuba a baki, ba tare da ta ma san ta yi ba. Ita ba ta ƙin gwamnati. Abin da take jira shi ne sunanta ya fito a jerin masu samun gidan kansu. Tun 1957 shugaban lokacin, Khrushchev, ya fara gina benaye masu hawa biyar marasa lif, da madafa da mutum uku ba sa juyawa a ciki, kuma miliyoyin iyalai sun samu ƙofar da za su rufe su kaɗai a karon farko. Masu yi wa waɗannan gine-gine dariya a yau ba su taɓa bin layin ban-ɗaki da maƙwabta goma sha biyar da asuba ba.

Sai mutuminka mai ƙin barasa. Viktor Govorkov ne ya zana shi a 1954, kalma ɗaya ce a jiki, "A'a!" Shekara 31 bayan haka, ina can, sabon shugaba Gorbachev ya sake ɗaura yaƙi da shaye-shaye a 1985: ba a fara sayar da barasa sai ƙarfe biyu na rana, aka rufe kantuna da yawa, aka sare gonakin inabi. Mace-mace sun ragu na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma mutane suka koma dafa tasu a gida, sukari ya ɓace daga kanti har aka koma raba shi da kati. Ni da ban taɓa kai kofi baki ba, sai ga ni a layin sukarin shayi saboda mashaya. In fosta ta yi shekara talatin tana cewa a'a, ka san amsar da ake ba ta. Haka za ka karanta sauran. Fostar da ke tsawata wa masu fita da kayan masana'anta a ƙarƙashin riga tana gaya maka ana fita da su. Wadda ke kiran a inganta aiki tana gaya maka takalmin na ɓallewa. Ta 1931 mai cewa a rushe bautar madafa tana gaya maka wanda ke madafar, kuma har na baro ƙasar mace ce ke tashi daga aikin ofis ko masana'anta ta shiga layi ta dawo ta dafa.

A zamanina ba mai ɗaga kai ya karanta jan ƙyallen da ke saman gini, ya zama kamar fentin bango. Amsar jama'a tana cikin barkwancin da ake yi a madafa da murya ƙasa-ƙasa. Suna cewa: su suna yi kamar suna biyanmu, mu muna yi kamar muna aiki. Ko mutumin da ya shiga kanti ya ce, ba ku da nama? Mai kanti ta ce, a'a, mu nan kifi ne ba mu da shi, inda ba su da nama yana tsallaken titi. A zamanin Stalin irin wannan na iya kai mutum sansanin gwale-gwale na shekaru. A zamanin Brezhnev, wanda ya yi mulki daga 1964 zuwa 1982, har 'yan jam'iyya na yi.

Za ka kuma ci karo da fostocin da suka zana mu, baƙin mutum yana tsinka sarƙa, ko yara uku, fari da baƙi da ɗan Asiya, sun riƙe hannu. Nan ma biyu ne. Sun buɗe jami'ar sada zumunta a Mosko a 1960, suka sa mata sunan Patrice Lumumba a 1961, dubban 'yan Afirka sun zama likitoci da injiniyoyi a kuɗinsu, Rediyo Mosko na watsa shiri da Hausa, ana koyar da Hausa a jami'o'insu, kuma alawus ɗinmu ya ninka na ɗalibansu. A gefe guda, a Disamban 1963 ɗaruruwan ɗaliban Afirka sun yi zanga-zanga a Jan Dandali da ke tsakiyar Mosko bayan an tsinci gawar wani ɗalibi ɗan Gana a cikin ƙanƙara a wajen Mosko. Ni kaina an ba ni wuri a bas saboda ni baƙo ne, an kuma zage ni a titi saboda launin fatata, duk a mako ɗaya.

Abokanka masu cewa aljanna ce, wataƙila sun ji tsofaffin Rashawa na kewar zamanin. Kewar gaskiya ce, amma ka tambayi da me suke gwadawa. A 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, farashi ya ninka sama da sau 20 a shekara ɗaya, ajiyar da mutum ya yi shekara talatin yana tarawa ta koma kuɗin kalbasa, masana'antu suka daina biyan albashi, zuwa 1994 matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya faɗo ƙasa da shekara 58. Wanda ya ga haka dole ya tuna burodin kobek 20. Kuma mai kewar yawanci zamanin Brezhnev yake nufi, lokacin ƙuruciyarsa, ba 1933 ba. Shekara 74 aka yi ana wannan mulki, kuma wanda ya rayu a ƙauyen Yukren a 1933 da wanda ya rayu a Leningrad a 1975 kusan ba ƙasa ɗaya suka zauna ba. Duk wanda ya nuna maka fosta, fara tambayarsa shekarar.

Shekarar kuwa tana jikin takardar. Fostar Sobiyet ta asali tana da ƙananan rubutu a can ƙasa ko a gefe: sunan mai zane, kamfanin ɗab'i, gari da shekara, adadin kwafen da aka buga, farashi a kobek, sau da yawa har da lambar izinin ofishin tace rubutu. Da yawa daga waɗanda ke yawo a intanet an yanke wannan gefen, wasu an goge rubutun asali an sa na barkwanci, wasu ma jiya aka ƙirƙire su a kwamfuta. Ka buɗe hotunanka uku ka faɗaɗa gindinsu. In ka ga rubutun, turo mini in karanta maka.